Rigar Kaka a Gaban Aji: Yadda Darasin Zane Ke Amsa wa Ɗan Zango "Kai Ɗan Ina Ne?"

Yaron da aka haifa a zango yana tashi ne da tambaya guda tana bin sa: kai ɗan ina ne? A makaranta, ko a Kumasi yake ko Kwatano ko Yawunde, 'yan ajinsu kallon baƙo suke yi masa, ko da kuwa a garin aka binne kakansa. In kuma aka kai shi gida hutu, Kano ko Katsina ko Maraɗi, da ya buɗe baki sai 'yan'uwa su kwashe da dariya, wai ga ɗan Gana ya iso, Hausarsa ba ta san mace ba ta san namiji ba. Mu manya mun saba, abin ba ya hana mu barci. Amma ɗan shekara 13 yana hana shi. Wani sai ka ga ya daina Hausa a waje, wani ya ƙi sa hula, wani kuma ya koma ɗaya gefen, ya riƙa raina 'yan gari da duk abin da yake nasu. Duka biyun asara ce ga gida, kuma asara ce ga kasuwa, tunda da mutanen nan za mu yi ciniki har ƙarshen rayuwa.

Wurin da na ga ana ba yaran nan amsa mai shiga kai shi ne inda iyaye da yawa ba sa ko leƙawa, wato darasin zane da aikin hannu. In takardar sakamako ta zo, ido kan lissafi da Turanci yake sauka. Zane kuwa, ai wasan yara ne a wurinmu. To cikin darasin akwai wani ɓangare da ake kira tarihin fasaha, inda ake koya wa yaro abin da mutane suka saƙa, suka rina, suka gina, suka sassaƙa, da dalilin da ya sa suka yi shi haka.

Hanyar da aka saba koyar da shi ita ce ta hadda. Sunan mai zane, shekarar haihuwarsa, sunan aikinsa. A kawo Leonardo da Vinci na Italiya da hoton matar nan Monalisa da ke rataye a Faris, a kawo Picasso, sannan a dawo gida a kawo kente da adinkira da kujerar zinariya ta Asante. Ɗan zango ya haddace, ya juye a jarrabawa, ya manta. Ba laifin littafin ba ne kaɗai, amma dai babu shafi ɗaya a ciki da ke ƙamshin gidansu.

Wani matashin malami a makarantar da autata take, nan Kumasi, ya bi ta wata hanyar. Ba-Asante ne, Kirista, ba ya jin Hausa sai ta gaisuwa. A makon farko na zangon karatu bai buɗe littafi ba. Cewa ya yi kowane ɗalibi ya zo da abu ɗaya daga gida, wanda in baƙo ya gani zai san wani abu game da mutanen gidan. Ya kuma ba su tambayoyi huɗu su kai wa manya: da me aka yi shi, wa ya yi shi, ta wace hanya ya iso gidanku, kuma me mai shi yake so mutane su gane idan sun gan shi da shi?

Da yarinyar ta karanto mini tambayoyin sai da na yi dariya, don ai tambayoyin ɗan kasuwa ne. Duk wanda ya yi shekara goma yana sayar da yadi, in ya murza shadda tsakanin yatsu biyu zai gaya maka ko ta Ostiriya ce ko ta Sin, a Bamako aka rina ta ko a Kano. Abin da masana suke zuwa jami'a su koya, mu a rumfa muke yin sa kullum, sai dai ba mu sa masa suna ba.

Ta ce, "Baba, rigar kaka zan kai." Babbar rigar mahaifina ce, saƙi, mai aska takwas, ta fi yarinyar shekaru nesa ba kusa ba. Muka shimfiɗa ta a tabarma muka bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, kuma ina so mai karatu ya bi su tare da mu, don nan ne abin yake.

Jikin rigar ba yadi ɗaya ba ne. Ƙananan ƙwarya-ƙwarya ne na saƙar hannu, kowace ba ta kai faɗin tafin hannu ba, aka jera aka ɗinke. Zaren auduga ne, an tsoma wani sashensa a baba kafin a saƙa, shi ya sa yake fitowa da ɗigo-ɗigo kamar jikin zabo. Aikin da ke ƙirji da farin zaren tsamiya aka yi shi, wato alharinin gida da ake samu daga saƙar wasu tsutsotsi na jikin itatuwa, a dafa da toka a kaɗa. Shafin da ke cikin gindin rigar kuwa jan alharini ne, irin wanda ayarin raƙuma ke ɗaukowa daga Tarabulus ta Gadamas zuwa Kano, asalinsa ma ragowar masaƙun Turai ne. Kafin allura ta taɓa rigar sai wani ya zana mata fasali da alƙalami da tawada, kuma galibi malamai da almajirai ne ke wannan zane da ɗinkin, da shi suke ci a lokacin karatu. Askake a gefen aljihu, tambari a ɗaya ƙirjin da kuma baya, ga gidan biyar, ga dagi. Riga ɗaya takan ci watanni a hannu.

Bayan jihadin 1804, riga da rawani suka zama kayan naɗi da kyautar sarakuna a duk inda tutar Sakkwato ta kai, daga Adamawa har Ilori. Kuma a cikin masu yin rigunan nan babu wanda ya kai Nufawa suna, shi ya sa har yau tsofaffi in sun ce rigar Nufe sun gama yabo. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851 ya rubuta cewa tufafin garin suna kai wa har Tarabulus da Tambutu. Rawanin nan mai ƙyalli da Buzaye ke ji da shi, ɗan Kura ake ce masa, don a garin Kura ake rina shi a buge shi har ya riƙa ɗaukar ido.

To ka ga, rigar da muke kira ta Hausa, da ka warware ta sai ka tarar da hannun Banufe, da raƙumin Buzu, da kuɗin Balaraben Gadamas, da alƙalamin almajiri. Hular da ake ɗorawa a kanta, zanna, ta Barebari ce, sunanta ma ya tona ta. Atamfar da matanmu ke cewa ta gado, kamfanin Vlisco da aka kafa a Holan a 1846 ya fara ne da kwaikwayon rinin mutanen tsibirin Jawa na Indunusiya. Wani zai ji haushin wannan bayani, ya ce an rage mana daraja. Ni ban ga ragi ba. Mutanen da sana'arsu fatauci ce, da me ake so kayan adonsu su yi kama in ba da hanya ba? Gwanintar tana wurin zaɓe da haɗawa, har abin ya fito da kamannin da ko daga nesa ka hango ka san na wane ne.

Ranar da yara suka baje kayansu an gayyaci iyaye, na je. Abin da malamin ya yi shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ya shimfiɗa rigar kusa da kente da wani yaro ya kawo daga Bonwire, ya sa yara su ƙirga ƙwaryoyin kowanne. Sai ga shi duka biyun saƙar siririyar masaƙa ce ta maza, dangin juna. Ya gaya musu cewa tun a ƙarni na 18 masaƙan Asante kan sayi yadin alharini na waje su warware zaren su sake saƙa shi yadda suke so, ashe su ma kentensu da kayan baƙi ya yi kyau. Ya kawo labarin Baturen Ingila Bowdich, wanda ya zo Kumasi a 1817 ya tarar da Musulmi a fadar sarki, ya kuma tafi da zanen adinkira da ke ajiye a Landan har yanzu. Ya nuna musu hoton babbar rigar yaƙi ta Sarkin Asante, batakari ce ta arewa, jikinta duk layu, rubutun malaman Musulmi. Sannan ya nuna hoton daren samun 'yancin kai, 6 ga Maris 1957, Kwame Nkrumah da abokansa a kan dandamali a Akra, sanye da fugu irin ta mutanen arewacin Gana.

Ya juya ga yaran ya ce, a cikin tufafin nan wanne ne baƙo? Aji ya yi tsit. Kakanninmu da suka bi hanyar Gwanja suna kai kanwa da tufafi da fata Salaga suna komawa da goro, ashe suna cikin tarihin ƙasar nan tun kafin a zana mata iyaka. Mu mun san haka a baki. Yaran kuwa, namu da nasu, ranar suka gani da ido.

Wani yaro jakar leda ya kawo, mai ratsin ja da shuɗi, wadda kowa ke kira Gana-mas-go. Yara suka fara dariya, malamin ya tsayar da su ya ce ita ma a yi mata tambayoyin huɗu. Nan aka shiga labarin 1983, lokacin da gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu daga Nijeriya, mutanen Gana suka kwaso kayansu a irin jakar. Wani dattijo cikin iyaye ya miƙe ya ce to a haɗa da 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙi mako biyu su fice daga Gana, zanguna suka watse, mutane suka sayar da gidaje a wulaƙance. Jakar da ba ta kai kuɗin kwanon shinkafa ba ta buɗe maganar da gidaje da yawa ba sa yi a gaban yara. Ba mu saba kiran irin wannan jaka kayan fasaha ba, amma dai ta yi aikin da aka kawo ta ta yi.

Sai dai hanyar nan tana da ramukanta, kuma gara a faɗa. Na farko, kada a mai da yaro wakilin ƙabila. A zango akwai wanda ubansa Bakano ne, uwarsa Badagomba, kakarsa Bazabarma. In aka ce masa kawo kayan ƙabilarku, an sa shi zaɓe tsakanin iyayensa ke nan. Malamin nan kayan gidanku ya ce, kuma kalmar ta yi daidai. Wata yarinya 'yar Hausawa tukunyar kakarta ta wajen uwa ta kawo, daga Bolgatanga, ba wanda ya ce mata ba taki ba ce. Na biyu, abin yana iya komawa gasar alfahari, namu ya fi naku. Maganin wannan shi ne tambaya ta uku, ta wace hanya ya iso, don duk kayan da ka bi sawunsa sai ya kai ka ƙofar wani. Na uku, in an tsaya a kayan gida kaɗai an cuci yaro. Daga rigar kaka ake farawa, amma sai an kai shi har Masar da Sin da Italiya, ya je da idon da ya riga ya iya kallo. Wanda ya san dalilin da ya sa sarki ke sa alkyabba ba zai sha wuyar gane dalilin da ya sa attajiran Turai ke biyan mai zane ya zana su cikin kayan alfarma ba.

Akwai kuma maganar addini, wadda ita ce ke sa wasu iyaye cewa a cire musu yaro daga darasin. Hukuncin sassaƙa da zanen abu mai rai na malamai ne, kowa ya tambayi nasa. Abin da nake cewa shi ne, sanin tarihin abu daban, yin sa daban, kuma fasahar Musulmi kanta teku ce. Allon zayyana da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani, fasaha ce. Rubutun Barno da na Kano, da jan wasali da ɗigon ruwan ɗorawa, da gafakar fata da ake ajiye Alƙur'ani a ciki, duk fasaha ce. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Mika'ilu ya gina da ƙasa da azara a zamanin Sarki Abdulkarimu, da bakan gizonsa, masana gine-gine na duniya suna karanta shi. Hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27 tana tsaye da ƙasa da itace. A ƙauyen Yama na jihar Tawa, magini Falke Barmu ya gina masallacin da ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Yaron da aka hana darasin nan, waɗannan ma an hana shi.

Misalin da na fi so a ba 'ya'yanmu shi ne na Ibrahim El-Salahi, mutumin Sudan, haifaffen Omdurman a 1930, ɗan malamin allo. Ya je Landan ya koyi zane irin na Turawa, ya dawo Khartum ya baje aikinsa, mutanen gari ba su ga kansu a ciki ba. Sai ya koma ga abin da ya tashi da shi, harafin Larabci da zayyanar allo da adon kayan gida, ya gina salonsa a kai. A 2013 babban gidan nune-nunen Tate Modern na Landan ya ware masa baje koli na aikin rayuwarsa. A Zariya ma an yi irin wannan a 1958, lokacin da wasu ɗalibai, cikinsu da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka ce za su karɓi dabarun Bature amma su zuba musu abin gida. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo. Ladi Kwali, Bagwariyar da hotonta ke bayan takardar naira 20, da ginin tukunya irin na ƙauyensu ta shiga cibiyar Michael Cardew a Abujar da, wato Suleja ta yanzu, a 1954, kuma ba ta yar da zanen da ta gada ba.

Ga kuma ɗan ci-rani irinmu, sai dai shi juyin tafiyarmu ya yi. El Anatsui ɗan Gana ne, a Kumasi ya yi karatu, ya tafi Nsukka koyarwa a 1975 ya shafe shekaru aru-aru a Nijeriya. Da murafun kwalaben giya da wayar tagulla yake ɗinka manyan shimfiɗu masu kama da kente, waɗanda manyan gidajen tarihi na duniya ke rububi. Gana na cewa nata ne, Nijeriya na cewa nata ne, shi kuwa yana ta aikinsa.

Wani zai ce, Alhaji, duk wannan zai kawo kuɗi? Wani lokaci yana kawowa. Aikin keke da na kwamfuta sun cika kasuwa, hular inji ta karya farashin ta hannu, kuma mai saye na gari yana neman wanda zai bambance masa. Yaron da ya san aska biyu daga aska takwas, ya san saƙi daga barage, ya iya ba da labarin kaya da Turanci ko Faransanci ga mai saye a intanet, ya fi wanda farashi kawai ya sani. Amma ko ba kuɗi, na ga yadda autata ta tsaya gaban aji tana bayanin shafi da tsamiya da Twi tsantsa, 'yan ajinsu suna miƙo hannu su taɓa.

Ba kowace makaranta ke da irin malamin nan ba, kuma ba sai an jira shi ba. Tambayoyin huɗu ba su da tsada. A fara da ɗakin uwargida: jeren da kakanni suka yi da ƙorai, aka koma tasoshi, aka koma kwanukan fenti da samira, yau kuma kuloli da kayan tangaran, tarihi ne na abin da mace ke so a sani game da ita da gidansu, kuma matan sun fi mu iya ba da shi. In an je gida hutu, a rage yawon gaishe-gaishe na yini ɗaya a kai yara Gidan Makama, a bi da su marinar Ƙofar Mata da allon ƙofarta ke cewa 1498, a shiga Kurmi layin dukawa. Na Damagaram su zaga unguwar Birni su kalli adon bangon gidaje da zankwaye. Na Yamai suna da gidan tarihi na Boubou Hama, inda masu sana'a ke aiki a gaban mai kallo. Na Kamaru su je Fumban, fadar Sarki Njoya, wanda ya ƙirƙiro wa Bamun rubutunsu, ya kuma yi mu'amala da malaman Hausa da Fulani. Mu na Kumasi ga Manhyia kusa, inda a 2024 aka kawo aron wasu kayan zinariyar Asante daga gidajen tarihin Landan, cikinsu har da waɗanda sojan Ingila suka kwashe a 1874.

Wanda kuma yake da tsohuwar riga a adaka, ya fito da ita ta sha iska a inuwa, kada a rana, don baba da alharini ba sa son rana. Kada a ƙulle ta a leda, a naɗe ta cikin farin ƙyalle na auduga. In akwai tsohon maɗinki a zangonku, a kai masa ya faɗi sunan kowane aiki da ke jikinta, yaro ya ɗauki muryarsa a waya. Sannan a sa yaron ya rubuta a takarda sunan mai rigar, da garin da ya saye ta, da hanyar da ta biyo, a ninke a sa cikin aljihunta.